Katin DAQ ya ce lafiyarsa ƙalau amma layin farko ya kafe a 0.31, ku taimaka

Auwalu Mekanika: Salamu alaikum manyan injiniyoyi, dan Allah a taimaka min kafin kaina ya fashe. Ina aikin digiri na biyu ne a kan na'urar busar da tumatir da zafin rana, ana so in riƙa ɗaukar zafin wuri shida a cikinta da tamokoful, wato wayar auna zafi, nau'in K. A ɗakin gwajinmu akwai wata tsohuwar kwamfuta da katin DAQ, wato katin ɗaukar awo, NI PCI-6221 a ciki, sai na tono akwatin haɗa waya SCB-68 a ƙasan kabad duk ƙura har da kebul ɗinsa, to kebul ɗin ya shiga akwatin lafiya lau amma ɗaya kan ya ƙi shiga katin, ya yi masa faɗi sosai. Na shiga kasuwa wajen masu tsofaffin kayan kwamfuta na samo wani mai fil 68 da kansa ɗaya siriri, shi kuma ɗaya kan namiji ne akwatin ma namiji, mai shagon ya ƙara min wata 'yar mahaɗa mace gaba mace baya, komai ya shiga. Na buɗe NI MAX, manhajar gwada katin, na danna Self-Test ya ce ya wuce. Amma AI0, layin awo na farko, ko me na ɗaura masa bolt 0.31 yake nunawa, na sa batirin rimot 0.31, na cire 0.31. AI1 kuma na sa masa batirin sai lambar ta yi ta yawo sama da ƙasa kamar wadda aka ba taba. Malamina yana son ganin sakamako ranar Litinin wlh

Sadiq Kwamfuta: Wa'alaikumussalam. Goge direban ka sake sawa, yawanci shi ne

Bello Sola: Katin ya ƙone kawai malam, ka yi haƙuri. Irin kayan da ke kwance a kabad shekara goma ai sai addu'a

Auwalu Mekanika: Direba na sake sau biyu Sadiq. Bello kar ka yi min baki dan Allah, in ya ƙone ni za a ce na ƙona

Injiniya Rabi: Auwalu kar ka taɓa komai tukuna. Wannan 0.31 ɗin kullum haka yake ko yana ɗan motsi tsakanin safe da rana? Duba hotunan da ka ɗauka in akwai

Auwalu Mekanika: Anti na duba wayata, wanda na ɗauka jiya da safe wajen takwas da rabi 0.27 ne, na yamma bayan la'asar 0.34. Na ɗauka lalacewar ce ke ƙaruwa

Injiniya Rabi: Hahaha ba lalacewa ba ce, zafin ɗakinku kake karantawa. A cikin tsohon SCB-68 akwai ɗan ma'aunin zafi a kan allon, yana fitar da milibolt 10 a kowane digiri ɗaya. Ninka lambar da 100 ka gani, 27 da safe, 34 da yamma, 31 lokacin da ka yi rubutu. Akwai ƙananan makunnai guda biyar a cikin akwatin, S1 zuwa S5, in aka juya su ta wata fuska sai a yanke AI0 daga sukurun da kake ɗaure waya a miƙa shi ga ma'aunin. Wanda ya yi aiki da akwatin kafin kai haka ya bar shi. Wato batirinka bai taɓa isa katin ba ma. Bello ka ba katin haƙuri

Bello Sola: To na janye, amma AI1 fa mai rawa?

Auwalu Mekanika: Innalillahi, kwana huɗu ina zagin kati ashe gaskiya yake faɗa min. Bari in je in mayar da makunnan

Injiniya Rabi: A'a tsaya, ai kai wannan taimako aka yi maka ba ka sani ba. Tamokoful ba ya faɗa maka zafin wuri kai tsaye, bambancin zafi yake bayarwa tsakanin bakinsa da inda wayoyinsa suka ƙare, wato kan sukurun akwatin. In ba ka san zafin cikin akwatin ba lissafinka zai kauce da kusan digiri 30, kuma kaucewar za ta riƙa canjawa daga safe zuwa yamma, dalilin sa ma'aunin kenan. Ka bar shi a kunne, ka sallama AI0 da AI8 gare shi, ka shiga MAX wajen bayanan katin ka zaɓi SCB-68 a matsayin abin da ke haɗe da shi, daga nan in kana shirya aikin tamokoful za ka ce CJC na ciki, wato wannan ma'aunin zafin akwatin, za a yi amfani da shi. Sai dai ka duba zanen makunnan a littafin akwatin ka tabbatar a tsarin DIFF, na waya biyu, aka sa ma'aunin ba na waya ɗaya ba. Kana da AI1 zuwa AI7, bakwai, kai shida kake nema, sun ishe ka

Kawu Mai Solda: Sannu Hajiya Injiniya. Ni shekarata ashirin da wani abu ina gadin irin kayan nan a ɗakin gwaji, abin da na lura yaran nan in kan waya ya shiga rami shikenan a wurinsu an daidaita. Ɗana Auwalu faɗa min lambar sukurun da ka ɗaura batirin a AI1, lamba nake so ba sunan da ke jikin takardar murfi ba

Auwalu Mekanika: Kawu ja a 33, baƙi a 67. Takardar murfin ma ba AI ta rubuta ba, ACH1 da AIGND na gani, na dai yi kintace

Kawu Mai Solda: Kintacenka na suna daidai ne, ACH tsohon suna ne na zamanin katunan E Series, da aka zo M Series irin naka aka koma kiran su AI, DAC0OUT ya koma AO 0, amma layukan suna nan a lambarsu. Kuma wannan takarda ita ta gaya maka labarin kebul ɗin da ya ƙi shiga, na tsohon kati ne, SH68-68-EP, kansa biyu duk masu faɗi. Naka katin raminsa siriri ne wanda ake kira VHDCI, kebul ɗinsa SHC68-68-EPM. To a wajen gwajin MAX me ka zaɓa, Differential wato DIFF, ko RSE mai auna waya ɗaya da ƙasa?

Auwalu Mekanika: Ban zaɓi komai ba Kawu, yadda na same shi na bar shi. Na duba yanzu Differential ne

Kawu Mai Solda: To ga ɓarawonka. Ka ɗaura waya irin ta RSE ka bar manhaja a DIFF. A DIFF katin ba ruwansa da 67, yana auna tsakanin AI1 da abokin tafiyarsa ne, kuma abokin ba na kusa da shi a ƙirga ba ne, ƙara 8 ake yi. AI0 da AI8, AI1 da AI9, har AI7 da AI15. AI9 yana sukuru na 66, kai kuma ka bar 66 a sake yana shan iska, to me zai hana lamba rawa, ƙafa ɗaya a ƙasa ɗaya a sama. Mayar da baƙar wayar 66

Sadiq Kwamfuta: Ko ya canja manhajar zuwa RSE kawai ba sai ya kwance komai ba, ya ma samu layi 16 maimakon 8

Injiniya Rabi: Ga batiri eh zai yi Sadiq, ga tamokoful ban ba shi shawara ba. Nau'in K kusan maikrobolt 41 yake bayarwa a digiri ɗaya, in cikin na'urar ya fi akwatin zafi da digiri 30 abin da zai fito bai kai milibolt ɗaya da rabi ba, kuma wayar za ta yi tafiya daga rana zuwa cikin ɗaki tana kwasar duk wata hayaniyar lantarki a hanya. A DIFF abin da wayoyin biyu suka kwaso tare sai ya soke kansa, a RSE ka shanye shi duka

Auwalu Mekanika: Na mayar 66, yanzu yana nuna 1.58 amma bayan kamar minti biyu sai ya fara gangarawa ya yi wani tsalle ya dawo, in na kai hannu kusa da wayar ma sai ya motsa

Kawu Mai Solda: Saura ƙiris. Batiri da tamokoful duk ba su da alaƙa da ƙasa, a rataye suke, katin kuma yana so wayoyin biyu su zauna kusa da nasa AI GND, wato ƙasar katin, ko da bambancinsu kawai yake aunawa, in babu abin da ya riƙe su sai su yi ta shawagi har su fice daga inda zai iya karantawa. Nemo resisto tsakanin 10k da 100k ka ɗaura daga 66 zuwa 67. Kowane layi da nasa. Allon SCB-68 ma yana da gurbin da aka bari don a yi soldar su amma kar ka kai ƙarfen solda kan kayan makaranta, ɗaura a sukuru ya wadatar

Ɗan Maraɗi: Gafara dai malamai in sa baki. Ni a ganina duk wannan wahala ce, busar da tumatir fa ake magana ba harba roka ba. Arduino guda da 'yan allunan karanta tamokoful MAX31855 shida, kowane da nasa gyaran zafin a ciki, yana ba ka rubu'in digiri, ka sa katin ajiya ka aje shi gindin na'urar a rana babu jan waya babu kebul mai fil 68. Mu nan haka muka yi na albasa, kwana uku muka gama

Bello Sola: Gaskiya ɗan Maraɗi ya faɗi gaskiya

Injiniya Rabi: Ban ƙi ba, in daga farko ne kuma aljihunsa ne zan ce ya bi hanyarka. Amma rubu'in digiri da kake faɗa matakin da lambar ke hawa ne, ba yana nufin kuskuren bai wuce rubu'i ba, ita kanta wayar K ta kasuwa tana iya kaucewa da digiri 2 da ɗoriya, wannan kuwa ko da wane kati ne sai ka gwada ta a ruwan ƙanƙara da tafasasshen ruwa. Kuma kati yana hannunsa, Litinin jibi ce bayan gobe, yaushe zai yi oda ya jira

Ɗan Maraɗi: Hajiya ai ni ba raina katin na yi ba, na ga yaron yana shan wuya ne a kan abin da bai kai ba

Kawu Mai Solda: Wuyar ita ce karatun. Wanda ya warware wannan gobe in an kai shi masana'anta ba zai tsaya yana kallon waya ba

Auwalu Mekanika: Alhamdulillah na sa 47k batiri ya tsaya cak 1.58. Amma ga wani abin mamaki, na buɗe duk layukan tare sai na ga AI2 da AI3 da ban ɗaura musu komai ba su ma suna nuna wajen 1.5 da 1.4, ko mahaɗar nan ta kasuwa ta haɗe filolin ne?

Injiniya Rabi: Wannan ba laifin mahaɗa ba ne, fatalwa ake ce masa. 6221 mai juya siginar zuwa lamba guda ɗaya gare shi, layukan 16 bi da bi suke shiga ta ƙofa ɗaya da sauri, har 250,000 a daƙiƙa in an ƙure shi. In ya karanta AI1 ya tsallaka AI2 ya tarar babu kowa, ragowar cajin AI1 ne zai karanta maka. Kar ka sa layin da babu komai cikin aikin, ko ka ɗaure shi da AI GND. Zai iya faruwa ko da akwai abu a layin in abin yana da tauri wajen sakin wuta, shi ya sa ake son kar ya wuce 1k, tamokoful dai ba shi da wannan matsalar sai in wayar ta yi tsawon hauka

Musa Kalibireshan: Ni dai tun ɗazu ina karatu ban ga wanda ya tsaya a kan kebul ɗin ba, kuma shi ne ya fi damuna. Wannan na kasuwa kebul ɗin faifan ajiya ne na SCSI, ba don awo aka yi shi ba. A cikinsa wayoyin bibbiyu aka murɗe su, 1 da 35, 2 da 36, har 34 da 68. To duba tsarin katin, AI0 yana 68 AI8 yana 34, sun dace an murɗe su tare, AI2 a 65 AI10 a 31 su ma sun dace. Amma AI1 yana 33, abokin murɗinsa a wannan kebul 67 ne, shi kuma AI9 da ke 66 an haɗa shi da 32. Kenan ma'auratan an raba musu ɗaki, abin da ɗaya ya kwaso ba lalle ɗayan ya kwaso daidai shi ba, rabin amfanin DIFF ya tafi. Na asalin an murɗe layukan awo yadda katin ke so, an lulluɓe su daban da na dijital. Batirin 1.5 ba zai nuna maka wannan ba, milibolt ɗaya zai nuna

Bello Sola: Haba Musa waya ai waya ce, tagulla ce a ciki duka. Kun san kuɗin na asalin kuwa in an juya shi naira?

Musa Kalibireshan: Na sani sarai, ban ce ya saya yau ba. Amma waya ba waya ba ce Bello. Kamfanin kansa yana da kebul mai fil 68 kala kala kuma ba ya cewa ka musanya su. Katin ƙirga 6602 nasa SH68-68-D1 ne. Katin 6225 mai layi 80 rami biyu gare shi, na farko EPM, na biyu SHC68-68 ne saboda can kusan duka layukan awo ne, kuma akwatin da aka haɗa da rami na biyun dole a juya makunnansa zuwa tsarin wucewa kai tsaye. Duk suna shiga rami ɗaya ƙwas. Balle ka ɗauko allon wani kamfani mai abubuwa a kai, irin na Advantech su ma 68 ne amma jerin filolinsu daban, a katin Auwalu 8 da 14 wutar 5V ce ke fitowa, in allon ya ɗauka wani abu ne a wurin sai dai ka ji ƙauri

Kawu Mai Solda: Musa ya yi gaskiya amma mu da muka saba da babu sai mu yi da abin da ke akwai. Ɗana ga abin da za ka yi. Kashe kwamfuta, zare kebul daga katin, bar shi a jikin akwatin da mahaɗar, ɗauko mita ka sa ta a mai ƙara, ka bi filolin da za ka yi aiki da su ɗaya bayan ɗaya daga siririn kan zuwa sukuru, ka kuma taɓa maƙwabtansa ka ji ko suna ƙara tare. Yi amfani da siririyar waya, kar ka cusa bakin mita ka buɗa ramin. Ka haska mahaɗar da tocila, filolin nan laushi gare su, ɗaya na iya lanƙwashewa ya kwanta ba ka sani ba. In ka gama ka mayar, ka ja waya daga 22 wato AO 0, layin da katin ke fitar da wuta, zuwa 33, daga 55 zuwa 66, ka fitar da 1V, 2V, -3V a MAX ka ga ko AI1 yana bin sa. Self-Test ɗin da kake taƙama da shi katin kawai yake tambaya, ko ka cire kebul gaba ɗaya wucewa zai yi

Musa Kalibireshan: In kuma dole da wannan kebul zai yi, ya ba wuraren da suka fi muhimmanci layukan da ma'auratansu suka dace, AI2, AI5 da AI7. AI5 yana 60 da 26, AI7 yana 57 da 23. Sauran ukun su lallaɓa

Sadiq Kwamfuta: Wannan lissafin sai ku, ni na koma gefe ina kallo

Auwalu Mekanika: Barkanmu da safiya. Jiya na kai goma na dare ina bin fil da mita har mai gadi ya zo ya leƙa. Duk suna tafiya daidai sai 61, sai na girgiza mahaɗar yake ƙara, na duba da tocila fil ɗin ya ɗan karkace, Kawu kamar kana wurin. 61 AI12 ne abokin AI4, na tsallake AI4 gaba ɗaya na yi amfani da 1, 2, 3, 5, 6, 7. Gwajin AO ya bi daidai. Na ɗaura tamokoful duka shida da resistonsu, amma da na karanta su a matsayin bolt sai lambar take hawa kamar matakala, tsalle ɗaya in na lissafa ya kai digiri 7

Injiniya Rabi: Ka bar shi a faɗin -10 zuwa 10 ne. Bit 16 kashi 65,536 kenan, raba 20V da shi ka samu kusan maikrobolt 305 a taki ɗaya, raba da 41 ga digiri 7 ɗinka. Katin yana da 10, 5, 1 da 0.2, kai na 0.2 kake so, taki ɗaya ya dawo wajen maikrobolt 6. Ka daina karanta shi a bolt ma, buɗe aikin tamokoful ka ce masa zafin daga 0 zuwa 100 ne, shi zai zaɓi faɗin da kansa

Auwalu Mekanika: Ya gyaru Anti Allah ya saka da alheri. Saura abu ɗaya, da wutar layi layukan suna kwance, da aka tada janareta sai gashi ya fito musu musamman 1, 3 da 6

Musa Kalibireshan: 1, 3 da 6 ko? Bello kana ina

Bello Sola: Ina nan, na gani, ba sai an yi shela ba

Kawu Mai Solda: Duba soket ɗin kwamfutar da mita ko akwai wayar ƙasa a ciki da gaske, da yawa rami uku ne waya biyu, in ka taɓa bayan kwamfuta kana jin tana ɗan cizo to babu. Ka raba wayar tamokoful da wayar wuta kar su kwanta tare, ka rufe murfin akwatin ka ɗaure, murfin ƙarfen nan ba ado ba ne. Kuma ka tabbata bakin tamokoful bai taɓa ƙarfen na'urar ba, in ya taɓa ka ba shi ƙasa ta biyu kenan ga ta resisto, wata rigimar ce sabuwa

Injiniya Rabi: Sauran kuma ka kashe shi da lissafi. Wutarmu 50 ce a daƙiƙa, zagaye ɗaya milisakan 20. Ɗauki 1000 a daƙiƙa, tara 200 ka fitar da matsakaicinsu, zagaye 10 cif kenan hayaniyar ta cinye kanta. Janareta ba ya zama a 50 daidai, to ka tara 1000 gaba ɗaya ka fitar da lamba ɗaya duk daƙiƙa, tumatir ba gudu yake ba

Ɗan Maraɗi: Da Arduino da tuni ya shanya buhu biyu

Auwalu Mekanika: Hahaha ɗan Maraɗi ka bari mana. Na yi matsakaicin 1000, na sa duka shidan a kofin ruwan ƙanƙara, biyar suna tsakanin 0.4 da 1.1, na shida yana nuna wajen 60 kuma da na riƙe shi a hannu sai ya sauka maimakon ya hau

Kawu Mai Solda: Ka juya ƙafafunsa. A irin na Amurka mai rawaya da ja, jan shi ne nagatif, kowa sai ya faɗa wannan ramin sau ɗaya

Auwalu Mekanika: Wlh jan na sa a fozitif. Na juya ya dawo 0.8. Na rubuta wa malamina takardar neman kuɗin SHC68-68-EPM ya ce in kawo farashi a rubuce, kafin nan da wannan zan fara ɗauka gobe da safe

Musa Kalibireshan: Ka naɗe mahaɗar da tef ka ɗaure ta a jikin tebur kar wani ya ja. Kuma tsohon kebul ɗin mai faɗi kar ku yar, muna da katin 6024E a nan da ba shi da kebul, in malaminka zai yarda a ba mu aro a rubuce zan turo a karɓa

Auwalu Mekanika: Zan tambaye shi Litinin in sha Allah. Kawu resiston nan 47k guda huɗu kawai na samu, sauran biyun 100k na sa, ba matsala?

Kawu Mai Solda: Ba komai, bar su haka